Kuɗin kwanan baƙo, gyaran Birni

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19. Duk magini ya san yadda irin wannan ke farawa. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙe, yaɓen da ya kamata a sabunta kafin damina a bar shi sai baɗi. Gyaran da jika kaɗan za ta yi a watan Afrilu, miliyoyi ba sa mayar da shi a watan Oktoba.

To ina za a samo kuɗin da ba ya yankewa? Garuruwa da yawa sun ɗora shi a kan baƙo. Duk wanda ya kwana a otal ana ƙara masa ɗan wani abu a kan kuɗin ɗaki, mai otal ya karɓa, ya rubuta a rasit, ya kai wa hukuma. Faransa ta fara haka tun 1910 a garuruwan da ake zuwa shan iska da jinya, kuma dokarta ta ce a kashe kuɗin a kan abin da ke jawo baƙi. Jihar Legas ta kafa nata a 2009, kashi 5 cikin ɗari.

Wani zai ce ai Turawan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa saboda rashin tsaro. Gaskiya ne. Amma ɗakunan otal a Damagaram ba su rasa masu kwana: ma'aikatan ƙungiyoyi, 'yan kasuwar Kano da Maraɗi, jami'an da ke zuwa taro daga Yamai. A ƙaddara ƙarin da za a ɗora wa baƙo dala ɗari ce kowane dare. Otal mai ɗaki 20, in ya cika, ya tara jika goma kafin gari ya waye.

Abin da za a kashe wa kuɗin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ga fadar Sarkin Damagaram, ga ragowar ganuwar Sarki Tanimun, ga gidaje masu zane da zankwaye a lungunan da ke ratsa tsakanin duwatsu. Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, kuma tun 2006 Birni ke cikin jerin wuraren da ƙasar ke neman UNESCO ta amince da su. Agadas ta samu amincewar a 2013. Bikin Zinder Sabuwa da aka yi a garin a 2018 ya kawo tituna da gine-gine, sai dai biki sau ɗaya ake yi, ginin ƙasa kuwa kowace shekara yana neman hannu.

Haɗarin ɗaya ne: kuɗin ya faɗa babban asusu ya narke cikin albashi da man mota. Don haka magajin gari ya ware masa asusu na dabam, fada da masu otal da magina su zauna a kansa, a liƙa lissafin kowace shekara a inda kowa zai karanta. In ba za a yi haka ba, gara kada a karɓa.