Taurarin ɗan'adam na auna iskar da ke ɗumama duniya

A da, idan gwamnati ko kamfanin mai ya faɗi yawan gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa, sai dai a karɓi maganarsa. Yau akwai taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya suna aunawa da kansu.

Iska iri biyu aka fi sa wa ido. Akwai iskar kabon, wadda ke fitowa idan an ƙona fetur, gawayi ko itace. Akwai kuma iskar metan, mai tashi daga rijiyoyin mai, bututun gas, juji, gonakin shinkafa da cikin shanu. Dukkansu suna tare zafi ya kasa fita daga duniya, amma a cikin shekaru 20 metan ta fi kabon riƙe zafi kusan sau 80.

Ta yaya ake ganin abin da ido ba ya gani? Hasken rana na sauka ƙasa ya koma sama, kuma kowace iska tana shanye wani ɓangare nasa da ya keɓanta da ita. Na'urar tauraron sai ta duba abin da ya ragu, ta gane irin iskar da yawanta. Gajimare da ƙura mai kauri kan hana ta aiki sosai.

Japan ta harba tauraron GOSAT a 2009, Amurka ta bi da OCO-2 a 2014, Turai kuma ta aika Sentinel-5P a 2017. Da irinsu aka bankaɗo manyan wuraren da metan ke tsiyaya a filayen mai na Turkmenistan da Aljeriya. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da tsarin da ke sanar da gwamnatoci idan an hango irin wannan yoyo. A Najeriya ma, hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai na amfani da bayanan tauraro wajen bibiyar gas ɗin da ake ƙonawa a yankin Neja Delta.

Sai dai tauraro gani kawai yake yi. Toshe ɓaraka aikin mutane ne. Ya kamata 'yan jarida da wakilanmu su nemi waɗannan bayanai, tunda da yawansu kyauta ne a intanet, su tambayi hukumomi matakin da suka ɗauka. Mu kuma mu daina cinna wa daji da shara wuta, mu rage saran itatuwa, mu gaggauta kai rahoto duk inda muka ji warin gas kusa da bututu.