Taimakon Farko Ga Karen Da Ya Ji Ciwo A Dagi

Kare a kan yatsunsa yake tafiya, saɓanin ɗan Adam da ke taka dukkan tafin ƙafarsa. A ƙarƙashin kowane dagi akwai wasu tsokoki masu kama da matashi, waɗanda aka yi da kitse aka lulluɓe da fata mai kauri, kuma su ne ke ɗauke da nauyin dabbar, kusan kashi 60 cikin 100 a ƙafafun gaba. Wurin cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. Shi ya sa ɗan yanka kaɗan kan zubar da jini mai tayar da hankali, kuma ba ya saurin warkewa, domin duk takun da karen ya yi sai bakin ciwon ya sake buɗewa, ƙasa ta shiga.

Karen farauta ya fi gamuwa da ƙaya da ƙarangiya, wadda ke maƙalewa tsakanin yatsu. Karen gadi a birni kuwa, fasasshiyar kwalba da gwangwani ne ke yanka shi, ga kuma kwalta mai zafi da ke ƙona dagi a lokacin bazara. Alamar farko ita ce ɗingishi da yawan lasar ƙafa ɗaya.

Kafin a taɓa ciwon, sai a ɗaure bakin karen da tsumma mai laushi, domin ko mai shi yana iya ciza idan zafi ya ishe shi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti saboda ciwon haukan kare. Karen da ba a sani ba kuwa, ba aikin ɗalibi ba ne.

Daga nan sai a duba tsakanin yatsu, a cire ƙaya da matsefata mai tsabta. Idan jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta na minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. A wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, rabin lita, wanda aka narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a ciki. Wannan haɗi ya yi kusa da yawan gishirin da ke cikin jini, saboda haka ba ya lalata naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Baƙin mai da kananzir da wasu ke zubawa ƙona naman suke yi, karen kuma ya lashe ya haɗiye guba. Haka nan ba a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yana ɓata masa ciki da ƙoda.

A sa auduga tsakanin yatsu, a naɗe dagin da bandeji, kada a matse har jini ya kasa gudana, kuma a sauya shi kullum ko da zarar ya jiƙe. Idan jinin bai tsaya ba bayan minti 15, ko yankan ya yi zurfi, ko ƙafar ta kumbura ta fara mugunya da wari, sai a kai karen wurin likitan dabbobi a ranar.