Hos Nawa Ɗakinka Yake Buƙata?

Da ka shiga shagon sayar da na'urar sanyaya ɗaki, tambayar farko ita ce, "Alhaji, hos nawa za a ba ka?" Yawancinmu aljihu muke dubawa kafin mu amsa, ko mu tuna wadda muka gani a falon maƙwabci. Ɗakin da za a saka ta kuwa ba wanda ya auna shi.

Hos ɗin nan lakabi ne na kasuwa. Ma'aunin gaskiya shi ne BTU, wato yawan zafin da na'urar ke iya kwashewa daga ɗaki a awa guda. Hos ɗaya kusan BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, galibi hos ɗaya ya ishe shi. Sai dai faɗin ƙasa ba shi kaɗai ba ne. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin mai kauri daban yake da na ƙasan bene. Bangon da ke kallon yamma rana ke gasa shi tun daga azahar, ya yi ta fitar da zafin har bayan isha'i. Manyan tagogin gilashi, tsayin rufi, firji, da yawan masu zama, kowanne da zafin da yake ƙarawa. Shi ya sa a Amurka masu sana'ar ke da lissafi na musamman, Manual J, da suke yi wa gida kafin a saka masa na'urar sanyi ko ta ɗumi.

Ƙaramar na'ura kowa ya san matsalarta: ta wuni tana gurnani, ɗaki bai huce ba. Wadda ba a cika lura da ita ba ita ce babba. Ana cewa da babu gara ba daɗi, to a nan yawan ma ba daɗi. Takan sanyaya iska cikin 'yan mintuna ta tsaya, ta sake tashi, ta sake tsayawa. Kowane tashi yana fizgar wuta, janareto ya yi nishi, kwamfiresa ta riƙa gajiya. Kuma ba ta jimawa tana aiki balle ta tsotse danshi, sai a ji ɗaki da damina ga sanyi ga laima, zanin gado kamar bai bushe ba. Masu inbata sun rage wannan illa, domin sukan sassauta gudu maimakon su tsaya cak.

Akwai kuma abin da kwali ba ya faɗa da babbar murya. Yawanci ana auna ƙarfin na'urar ne a zafin waje na digiri 35. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, Afrilu kan haura 40, kuma ƙarfinta raguwa yake yi daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Masu alamar T3 a digiri 46 ake gwada su. Kafin a biya kuɗi, sai a duba takardar da ke manne a jikin injin waje.