Barajin Kandaji da Nauyin da ke Wuyan Jagoran Aiki

A watan Agusta na shekarar 2008 ne Shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashin ginin barajin Kandaji a kan kogin Isa, cikin jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 daga Yamai. Manufar ita ce a samar da wutar lantarki megawat 130, a shayar da gonaki hekta 45,000, a kuma tsare kogin daga irin ƙafewar da ya yi a Yamai cikin 1985. Kamfanin ƙasar Rasha da aka fara bai wa kwangilar ya gaza cika wa'adi, aka soke yarjejeniyar a 2013. Sai a 2019 wani kamfanin ƙasar Sin ya ci gaba da ginin, shi ma ya dakata a 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli ya sa masu ba da rance sun riƙe kuɗinsu.

Ba laifin wani muke nema a nan ba. Abin da muke so mai karatu ya duba shi ne mutumin da aka ɗora wa jagorancin aiki irin wannan, wanda a ofisoshinmu ake kira shugaban furoje. Jama'a na zaton injiniya ne kawai, alhali kuwa yawancin abin da ya tsayar da Kandaji ba siminti ba ne, ba kuma ƙarfe ba.

Ƙwarewar farko da ake bukata gare shi ita ce gane jinkiri tun yana ƙarami, da ƙarfin halin faɗinsa. Ɗan kwangila ba ya wayar gari ya ce ya gaza. Alamomi ne ke bayyana: injinan da aka yi alkawari ba su iso ba, ma'aikata sun ragu, rahoton wata ya cika da uzuri. Jagoran da ke kwatanta aikin da aka yi da kuɗin da aka fitar kowane wata zai ga gibin da wuri. Saura ya kai labarin ga na sama da shi, waɗanda galibi ba sa son jinsa. Shekara shida da suka shuɗe tsakanin soke kwangila da komawa aiki sun isa su nuna tsadar sauya ɗan kwangila.

Sa'an nan kogi yana da nasa jadawali. Ruwan Isa kan cika da damina, ya sake tumbatsa wajen Janairu sa'ad da ruwan ƙasar Gini ya sauko, ba ya janyewa sosai sai wajen Mayu da Yuni. Aikin da ya kamata a yi a cikin kwarin kogi, idan ya kuskure wa wannan ɗan lokaci saboda takardar biya ta kwana a tebur, to sai baɗi. Ga masu ba da kuɗi da yawa, irin su Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, kowanne da sharuɗɗansa. Haɗa kansu a kan lokaci guda sana'a ce mai zaman kanta.

Amma a ganina, mafi wuya shi ne sha'anin mutane. Tafkin barajin zai tada kusan mutum 50,000, har da mazauna garin Ayoru. A takarda adadi ne. A ƙasa kuwa gonar gado ce, da mashayar dabbobi, da wurin su, da kushewar iyaye. Manomin da aka ce ya tashi zai tambayi wace gona za a ba shi, wa ya mallake ta kafin shi, yaushe diyya za ta shigo hannunsa. Jagoran da bai iya zama a zauren mai gari ya saurara har a gama ba, ko wanda ke yin alkawari don a bar shi ya tafi, ya shuka rigimar da za ta tare masa hanya bayan shekaru. Kowane alkawari a rubuta shi, da ranarsa, da shaidu.

Na taɓa zama cikin kwamitin gina aji biyu a unguwarmu, na ga ƙaramin misalin wannan: magini ya karɓi rabin kuɗi, kowa na jin nauyin yi masa magana, har damina ta riske mu babu rufi.

Juyin mulki da rashin tsaro a Tilaberi kuwa sun fi ƙarfin kowane jagora. Abin da ke hannunsa idan kuɗi suka yanke shi ne ya kare abin da aka gina daga ambaliya, ya sallami leburori da haƙƙinsu, ya adana zane-zane da lissafi, domin wanda zai ɗora ya san inda aka tsaya.