Me Ake Ƙara wa Kirefish a Abinci Don Ya Girma?

Yau daga tukunyar miya za mu fara. Kirefish ɗin nan da kike dakawa ki zuba a miyar kuɓewa ko agushi, ƙananan jatan lande ne da masunta ke kamowa a gaɓar teku, wajen su Oron a Jihar Akwa Ibom, a busar, a kawo mana Arewa. Amma akwai ɗan uwansa, wanda shi ne ainihin mai sunan. A ruwan daɗi yake zama, yana da manyan hannuwa irin na ƙaguwa, kuma kiwonsa ake yi.

A ina? Ƙasar Sin ce kan gaba, musamman lardin Hubei, inda ake kiwonsa a gonakin shinkafa. A shekarar 2023 abin da Sin ta samar ya haura tan miliyan 3. A Jihar Luwiziyana ta Amurka kuwa, yawanci ba a zuba masa abinci. Ragowar karan shinkafa da ya ruɓe a ruwa da ƙananan halittun da ke taruwa a kai su ne cimarsa. To amma inda aka tara shi da yawa a kududdufi, dole a haɗa masa abinci, a kuma yi masa ƙari.

Kin san ɓawonsa ba ya miƙewa. Kafin ya girma sai ya tuɓe tsohon, kamar yadda maciji ke saɓa. A wannan lokaci jikinsa laushi gare shi, har 'yan uwansa na iya cinye shi. Shi ya sa yake buƙatar sinadarin kalsiyam, irin na ƙashi da ɓawon ƙwai, don sabon ɓawon ya yi tauri da wuri. Shi kansa yakan tara wannan sinadari a wasu 'yan duwatsu biyu a tumbinsa kafin ya tuɓe, bayan ya tuɓe kuma yakan cinye tsohon ɓawon. Kin ga tattali!

Sai kitsen da ake kira kolestarol. Jikinmu na haɗa nasa, na kirefish kuwa ba ya iyawa, sai a abinci, kuma da shi yake haɗa sinadarin da ke sa shi tuɓe ɓawo. Ana kuma ƙara bitamin C da E don ƙarfin jiki.

Batun cuta fa? Ba a yi masa allurar rigakafi irin ta kaji, don garkuwar jikinsa ba irin tasu ba ce. Ga shi kuwa akwai cutar farin tabo mai iya kashe kududdufi guda cikin 'yan kwanaki. Saboda haka masu kiwo kan gauraya masa yis da ƙwayoyin halitta masu amfani, irin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, don su gyara masa hanji su ƙarfafa shi.

Yanzu uwargida, ke da kike kiwon tarwada a tanki ko kaji a bayan ɗaki, ga naki rabon. Ƙari kamar daddawa yake a miya: yana ƙara armashi, amma ba ya zama tuwo. In abincin ba shi da kyau, ruwan kuma ya ɓaci, ko me kika barbaɗa asarar kuɗi ce. Sannan in yaron aike ya kawo miki wani gari wai na saurin girma, ki sa a karanta miki abin da ke jikin ledar. In maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kada ki zuba sai likitan dabbobi ya ce. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irinsa don ƙiba kawai, saboda ƙwayoyin cuta kan saba da shi, ranar da yaronki ya kwanta a ba shi magani ya ƙi ci.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara.