Komawa gudu bayan jinya: Zuciya ke gaggawa, ƙashi na biye a baya

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba a Oyingbo ko Agege ya san cewa ba 'yan kasuwa da direbobin danfo kaɗai ke sammako ba. A gefen kwalta akan ga masu sassarfa, matasa da magidanta, wasu ɗai-ɗai wasu a ƙungiya, suna ƙoƙarin kammala zagayensu kafin rana ta ɗaga hayaƙin motoci ya cika titi. Tun da aka fara gasar gudun fanfalaki ta Legas a shekarar 2016, wadda ake yi a watan Fabrairu, sha'awar abin ta shiga unguwanni da dama, har da namu. Tsawon gasar kilomita 42 ne da mita 195, kuma a mafi yawan shekarunta ana tashi ne daga Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, a hau doguwar gadar nan ta Third Mainland mai kusan kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic. Akwai kuma ta kilomita 10 ga waɗanda ba su kai can ba.

Sai dai a cikin masu fitowar nan akwai waɗanda ake daina gani. Wani gwiwa ce ta tsayar da shi, wani ya yi targaɗe a bakin kwata, wani babur ya buge shi, wata haihuwa ta yi, wani kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi, da ya tashi sai kasuwa ta ɗauke masa hankali. Bayan wata uku ko shekara, sai mutum ya ɗauko takalminsa ya ce gobe zai koma. A wannan komawar ce aka fi samun rauni na biyu, wanda sau da yawa ya fi na farko daɗewa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sassan jiki ba tare suke murmurewa ba. Zuciya da huhu suna dawowa da wuri, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya daidaita, ya ji kamar zai iya zuwa Yaba ya dawo bai gaji ba. Amma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kansa ƙashin, watanni suke ɗauka kafin su sake sabawa da nauyi, musamman jijiya da jini ba ya isarta sosai kamar yadda yake isar tsoka. Ga shi kuma a duk taku ɗaya na gudu, ƙafa tana karɓar nauyin da ya ninka na jikin mutum sau biyu zuwa uku, kuma mai sassarfa kan yi wajen taku dubu a kilomita guda. Mai kilo 80 da ya ce zai fara da kilomita biyar a ranar farko, ya lissafa abin da ya ɗora wa ƙafar da ta yi wata shida tana hutawa.

Shi ya sa raunukan masu gudu ba su cika zuwa farat ɗaya ba. Ciwon gaban gwiwa da ke tashi wajen saukowa daga bene ko gadar masu tafiya a ƙasa, ciwon ƙwauri, ciwon jijiyar agara, da ciwon dunduniya da ke sa takun farko na safiya ya zama kamar an taka ƙaya, duk daga taruwar wahala suke. Mafi haɗari a cikinsu shi ne tsagewar ƙashi ta gajiya. Alamarta ita ce zafi a wuri guda tak, wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa a kan ƙashin, yana ƙaruwa idan ana gudu, wani lokaci har da dare. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a makonni biyu ko uku na farko hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito kamar babu komai, sai mutum ya ce ai an duba lafiya lau, ya koma titi. Irin wannan tsagewa kan buƙaci mako shida zuwa takwas ba a yi gudu ba, wata ma fiye da haka.

Mazauna wannan yanki ba su da uzurin nisa. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Ebute Metta, wato tsohon asibitin ma'aikatan jirgin ƙasa, tana nan kusa da Oyingbo. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, takwaran na Dala a Kano, yana kan titin Ikorodu, ga kuma asibitin koyarwa na Idi-Araba. Wanda ya fi amfani ga mai son komawa gudu shi ne likitan gashin ƙashi, domin shi ne zai gwada ƙarfin cinya da ƙugu da sharaɓa, ya gano wace tsoka ce ta yi sanyi har ta bar wa gwiwa aikin da ba nata ba. Mutanenmu da yawa wurin mai ɗori suke fara zuwa, kuma ba a musun cewa sana'a ce ta gado da jama'a suka yarda da ita. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin gaɓa, kuma ɗaurin da ya yi tsauri yana iya tare jini. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina jin taɓawa, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Ga kuma wata ɗabi'a da ta fi ɗori yaɗuwa: a biya kemis a sayi diclofenac ko ibuprofen a haɗiya kafin a fita, don kada ƙafa ta dame mutum. Zafi saƙo ne, maganin kuwa bakin ɗan saƙon kawai yake toshewa, raunin yana nan yana ƙaruwa. Ƙari a kan haka, waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga gumi ya riga ya rage ruwan jiki. A Legas, inda iska ke cike da laima har gumi ba ya bushewa kamar yadda yake yi a Kano ko Katsina, jiki yakan yi ta zubar da ruwa bai huce ba. Haɗa wannan da maganin ciwon jiki kullum safiya wasa ne da ƙoda. Tramadol kuwa ba a ma maganarsa.

To, yaushe ne ƙafa ta shirya? Masu gashin ƙashi suna da gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a tsakar gida. Ka yi tafiyar sauri ta minti 30 ba ɗingishi ba zafi. Ka tsaya a kan ƙafar da ta yi ciwon ka yi tsalle sau goma, ka yi ɗage a kanta ka sauka sau 15 ko 20. In ɗaya daga ciki ya gagara, lokaci bai yi ba. In an wuce, farawar ba gudu zalla ba ce: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu ko uku, a yi ta maimaitawa har minti 20, kwana uku a mako, ana tsallake rana a tsakani. Kowane mako a ɗan ƙara mintunan sassarfa a rage na tafiya. Masu horarwa kan ce kada ƙarin nisa ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon jiya. Ba doka ba ce, amma tana kama wa mai zumuɗi linzami. Kuma a bar maganar sauri sai nisa ya zauna. Ɗan tsami da ya wuce kafin washegari ba komai ba ne. Kumburi, ko ɗingishi, ko zafin da ya kwana ya tashi da kai, yana nufin a koma matakin baya.

Abin da ya fi wa maza wuya a nan ba ƙafar ba ce, idon jama'a ne. Mutumin da aka sani yana gaba a ƙungiya, yanzu a gan shi yana tafiya abokai suna wuce shi suna tsokana, sai ya ji kunya ya bi su. Kenenisa Bekele na Habasha, wanda ya ci zinare uku a gasar Olamfik, ya yi shekaru yana fama da raunin ƙafa har wasu suka cire rai da shi, sai ga shi a Berlin a 2019, yana da shekara 37, ya gama a awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41, daƙiƙa biyu kacal tsakaninsa da tarihin duniya na lokacin. Shi da ke da likitoci a gefe bai tsallake jinya ba, balle mai shago a Agege da zai wuni a tsaye bayan gudun. Wannan ma abin lura ne: ɗan dako a kasuwar Oyingbo ko Mile 12 ya riga ya ba ƙafarsa aiki kafin ya ɗaura takalmi, don haka lissafinsa ba ɗaya ba ne da na mai zaman ofis.

Takalmi kan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin laushin ƙasansa ya mutu. Na gwanjo da ake saya a Katangowa ko Yaba ba laifi ba ne, amma ba ka san tafiyar da ya yi a ƙafar wani ba. Ka juya shi, in dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ka bar wa mai shi. Wurin gudu kuma, harabar filin wasa ko ta makaranta ta fi gefen titi mai ramuka da buɗaɗɗun kwatoci. In dole sai titi, a fuskanci motocin da ke tahowa, a sa riga mai haske.

Mai jego ta jira aƙalla wata uku, wadda aka yi wa tiyata kuma sai likita ya amince. Idan fitsari na zubowa lokacin tsalle ko tari, ko ana jin nauyi a mara, tsokokin ƙasan ƙugu ba su gama komawa ba, kuma akwai atisayen da ake koyarwa a asibiti domin haka, ba abin ɓoyewa ba ne. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ya gama maganinsa, ya bari cin abinci da ƙarfinsa su dawo tukuna. Ba a gudu da zazzaɓi a jiki. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ciwon suga ko sikila, ya ga likita kafin ranar farko. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya da ba a saba ji ba kuwa, tsayawa ake yi nan take.

A watan azumi, mai farfaɗowa daga rauni ya mayar da fitarsa bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ya kuma rage nisa. Mai burin gasar Fabrairu da bai fara sassarfa ba sai a Nuwamba, ya rubuta sunansa a ta kilomita 10, ya bar doguwar sai baɗi.