Milimita Huɗu Tsakanin Injinan Yankan Katako Biyu

Mai sayen injin yankan katako yakan tambayi cc nawa ne, ya tsaya nan. Amma cc ɗin daga awo biyu yake fitowa: faɗin ramin silinda, da tsawon tafiyar da fistin ke yi sama da ƙasa.

A ɗauki injinan Stihl guda biyu. Tsohon 070, wanda masu tsaga katako a Najeriya suka sani sarai, faɗin silindarsa milimita 58, tafiyar fistin milimita 40, cc 105.7 ke nan. MS 660 kuwa faɗinsa milimita 54, tafiyar fistin ɗaya da ta 070, cc 91.6. Milimita huɗu kacal suka jawo ratar cc 14, domin a lissafi ana ninka faɗin da kansa, tafiyar fistin kuwa sau ɗaya take shiga.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne 070 mai babban ciki kilowat 4.8 yake bayarwa, ƙaramin kuma 5.2. Ƙarfin aiki ai ƙarfin murɗawa ne sau saurin juyi. 070 yana kai ƙololuwarsa a wajen juyi 7,000 a minti, 660 sai a 9,500. Idan aka buga lissafin, 070 yana murɗawa da kusan nutan-mita 6.5 a wannan gaɓar, 660 kuma kusan 5.2. Shi ya sa idan sarƙa ta nutse cikin gungumen maɗaci, garin katako ya cika tsagar, sai ka ji 070 ya yi gurnani ya ci gaba da ci.

Ana yawan cewa doguwar tafiyar fistin ce ke kawo ƙarfin murɗawa. Maganar ba ta cika ba. Da Stihl ya fitar da MS 661, ya faɗaɗa silindar 660 zuwa milimita 56, ya rage tafiyar zuwa 37, cc ya kusan zama yadda yake, 91.1, ƙarfi ya hau zuwa kilowat 5.4. Gajeriyar tafiya tana rage gudun fistin, daga mita 12.7 a daƙiƙa zuwa 11.7 a juyi 9,500. Sauran aikin kuma ƙofofin iska da hayaƙi ke yinsa.

Wanda zai yini yana tsaga katakai daga manyan gungume, 070 ne nasa, ko da ya haura kilo 10. Mai sare itace yana datsa rassa ya ɗauki 660 ko 661, ba su kai kilo 8 ba.